Kwana uku a karkara: tsuntsaye, kayak, hawan dutse da keke, za su haɗu kuwa?

Nafisa:
Assalamu alaikum jama'a. Ni sabuwa ce a cikinku, kuma da tambaya na zo. Na samu hutun kwana uku, ni da ƙanena muna son zuwa wani lardi na karkara, nesa da teku. Abin da ke wurin: kogi ɗaya mai ɗan girma, tafki a bayan madatsar ruwa, duwatsu daga arewa, sai gonaki da hanyoyin burji. Ga yadda na tsara kowace rana. Da asuba kallon tsuntsaye na awa ɗaya. Daga nan keke, kilomita 40 zuwa bakin tafki. Bayan azahar mu hayi kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan da ake tuƙawa da filafili, mu zaga. Da la'asar sakaliya mu hau dutse mu ga faɗuwar rana. Keke na iya, tafiyar ƙasa ma ba laifi. Kayak sau ɗaya na taɓa shiga. A tsuntsaye kuwa hankaka da kurciya da balbela kawai na sani, amma ina son in koya da gaske. Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa 'yata. Taura biyu ba ta taunuwa, ke kuma huɗu kika ɗebo. Shekarata goma sha tara ina bin tsuntsaye, kuma abin da ya fara tsaya mini a tsarinki shi ne awa ɗayan nan. Cikin awa ɗaya ido bai ma gama zama ba. Minti ashirin na farko duk dajin ya san kin shigo, kowa ya yi tsit. Sai kin samu gindin bishiya kin zauna, kin daina motsi, sannan a hankali za su koma harkarsu kamar ba kya nan. To daidai lokacin da abin zai fara daɗi, lokacin ne kika rubuta za ki hau keke.

Daga ketowar alfijir zuwa hantsi, nan ne kasuwar ƙananan tsuntsaye take ci. Idan rana ta ɗaga su kan lafa a inuwa. Manyan kuma, irin su shaho da mikiya da ungulu da shamuwa, a lokacin ne suke tashi, domin jira suke ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, su bi ta suna shawagi ba tare da kaɗa fuffuke ba. Wannan iskar a kan tudu take samuwa, ba ta tashi sosai a kan teku. Shi ya sa farar shamuwar Turai, idan za ta ƙetaro Afirka, ba ta ratsa tsakiyar Bahar Rum. Sai ta zagaya ta mashigin Jibralta ko ta Bosforus a Istanbul, inda ruwan ya tsuke. Saboda haka kada ki ga wai kin yi nesa da teku ki ɗauka an bar ki a baya. Safiya ɗaya a gefen gona mai bishiyoyi da ɗan rafi za ta ba ki aiki har ki gaji da rubutu.

Sadik Mai Keke:
Malam, da girmamawa, ban yarda keke abokin gabar kallon tsuntsu ba ne. Ni a kan keke na fara sanin tsuntsaye. Mota tana da ƙara da gilashi, ƙafa kuma ba ta cin nisa. A keke kunnenka a buɗe yake, ka ji kuka ka ja birki ka sauke ƙafa ɗaya. A safiya guda kana iya ratsa gona, da fadama, da gefen kurmi, kowanne da irin tsuntsayensa.

Amma Nafisa, akwai abin da ban gani ba a lissafinki. Kilomita 40 zuwa tafki, to dawowa fa? Tamanin ke nan. A hanyar burji, da kaya a kariya, da wuya ku wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa. Awa uku zuwa, awa uku dawowa, in taya bai yi faci ba.

Nafisa:
Wallahi ban lissafa dawowa ba. Na gode Yaya Sadik.

Injiniya Bala:
Bari in ƙara miki na dutsen. Akwai wani lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi ake amfani. Ki ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ki ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. A ce dutsenku kilomita 8 ne zuwa da dawowa, hawansa mita 450. Tafiyar ta ci awa ɗaya da minti 36, hawan ya ci minti 45. Kusan awa biyu da minti 20 ke nan, kuma wannan na mutum mai ƙarfi ne da bai tsaya hutawa ba, bai tsaya hoto ba, bai wuni a kan keke ba. Ke ki ƙara rabin wannan a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne faɗuwar rana a kan dutse. Wanda ya tsaya ya ga rana ta faɗi yana sama, a duhu zai sauko. Kuma a saukowa aka fi gurɗe ƙafa, domin gwiwa ta gaji, tsakuwa tana zamewa. In dai sai kun yi, ku hau dutsen da rana tukuna ku san hanyarsa, kowa da fitilar goshi tasa, ba tocilar waya ba. Wayar ku bar mata cajinta saboda kira. Taswirar ma ku sauke ta a waya tun kuna inda akwai sabis.

Jamilu:
Kun bar mafi daɗin a baya. Nafisa, in tsuntsu kike so, ki manta da keke da dutse, ki shiga kayak. Asalinsa ma jirgin farauta ne. Mutanen Inuwit na can ƙuryar arewacin duniya ne suka ƙera shi da fatar dabbar ruwa a kan itace ko ƙashi, don su matso kusa da abin farauta ba a ji su ba. Ba inji, ba ƙara, kana zaune daidai da fuskar ruwa. Makonni biyu da suka wuce na je wani tafki, akwai tsibiri a tsakiya, bishiyoyinsa fari fat da balbelu, ga zalɓe, ga wasu baƙaƙe masu dogon wuya. Na matsa har bai fi taku biyar ba tsakanina da sheƙarsu. Da suka tashi gaba ɗaya sai ka ce an watsa auduga a sama. Hoton da na ɗauka ranar ban taɓa samun irinsa ba.

Anti Zulai:
Jamilu, ka yi haƙuri, amma wannan maganar ba zan bari ta wuce ba, musamman da yake sabuwa kake ba wa shawara.

Irin hoton nan na san shi, domin na taɓa tsayawa a gaɓa ina kallon yadda ake ɗaukarsa. Shekara uku ke nan. Ina zaune da madubin hangen nesa ina ƙirga sheƙuna a wani tsibiri, na kai arba'in da wani abu, sai ga kayak biyu sun nufo shi kai tsaye. Tun suna nesa iyayen suka miƙe wuya, suka daina gyaran gashi. Da suka ƙara matsowa sai duk suka tashi. Mutanen suka yi ta murna suna ɗaukar hoto, suka ɗan zaga, suka tafi. Ba su fi minti goma ba. Abin da ba su gani ba, ni na gani. Hankaki uku da ke kan wata busasshiyar bishiya tun safe suna jira, iyayen na tashi suka sauka. Na ga ɗaya ya soki ƙwai da baki ya tashi da shi, ya je ya ajiye, ya dawo ya ɗauki wani. Wani ɗan tsako da bai gama fitar da gashi ba ya tsorata ya rarrafo bakin sheƙa ya faɗo, ya maƙale a reshe, yana ta wutsil-wutsil har ya daina. Sauran ƙwan kuma suna buɗe a tsakar rana, babu inuwar uwa. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Tsuntsun da ya tashi saboda kai, ka riga ka matso fiye da kima. Audugar da ka gani a sama, iyaye ne suka bar 'ya'yansu.

Jamilu:
Anti, ban yi da mugun nufi ba, Allah ya sani. Amma ina da tambaya. Masunta kullum suna wucewa ta gefen tsibirin nan da kwale-kwalensu, har da masu inji. Me ya sa su ba a ce sun yi ɓarna ba, sai ni da na je sau ɗaya ba ko ƙara?

Malam Habu:
Tambayarka tana kan hanya, Jamilu, kuma amsarta ita ce darasin. Masunci wucewa yake yi. Hanyarsa ɗaya, lokacinsa kusan ɗaya, idonsa na kan komarsa. Tsuntsayen sun gan shi sau ɗari, sun san ba ruwansa da su. Kai kuwa ka juya hancin jirgi ka nufe su, a hankali, shiru, ido a kansu. Wane ne yake tafiya haka a daji? Mai farauta. Kai da bakinka ka ce don haka aka ƙera jirgin. Shirun da kake yabo shi ne yake sa ka iso wurin da mai inji ba zai iso ba, cikin ciyayi da lungunan da suka zaɓa don su ɓuya.

Masu bincike a jihar Florida ta Amurka sun auna wannan abu. Suka riƙa tunkarar mazaunin tsuntsayen ruwa a ƙafa da cikin jirgi, suna rubuta nisan da tsuntsu ke tashi. A 1995 suka ba da shawarar a bar kimanin mita 100 tsakanin mutum da mazaunin irin su zalɓe da balbela lokacin kwanci. Mita 100 tsawon filin ƙwallo ne. Kai kuma taku biyar ka ce.

Ba cewa nake kada a shiga ruwa ba. Ni ma ina shiga. Ka bi gefe, kada ka nufe su. Ka ajiye filafili a cinya ka bar ruwa ya tafi da kai. Ka kalli wuyansu: muddin suna kiwo ko gyaran gashi, lafiya. Da zarar sun miƙe wuya sun zuba maka ido, ka ja da baya.

Jamilu:
Na ji, Malam. Maganar nufar su kai tsaye ban taɓa tunaninta haka ba. Amma gaskiya a mita 100 ba abin da kyamarar wayata za ta ɗauka.

Anti Zulai:
To ka bar hoton. Ka nemi madubi. Abin da za ka gani a cikinsa daga nesa, uwa tana amayo abinci a bakin ɗanta, uba yana kawo tsinke yana gyara sheƙa, ba za ka taɓa ganinsa a taku biyar ba, domin a taku biyar ba abin da suke yi sai gudu.

Nafisa:
Anti, wane irin madubi zan nema? Ina ganin lambobi a jikinsu ban gane ba.

Anti Zulai:
Ki nemi mai 8x42. Takwas ɗin yana nufin zai kusanto miki da abu sau 8. Arba'in da biyun kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, shi ke tara haske, shi ya sa yake da amfani da asuba da magariba. Kada a ruɗe ki da mai 12 ko 16 a ce ya fi ƙarfi. Yadda yake ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara rawar hannunki, kuma filin da kike gani ya tsuke, kafin ki samo tsuntsun ya tashi. A cikin jirgi ma abin ya fi muni. Dabara ɗaya: ki kafe idonki a kan tsuntsun, sannan ki ɗago madubin zuwa idon, kada ki sunkuya neman madubi. Ki gwada a gida da kan eriya ko reshen bishiya kafin ku tafi.

Baban Ikram:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma na ga an ce sau ɗaya ta taɓa shiga kayak, kuma akwai madatsa a wurin. Dole in yi magana.

Ni ruwa ya kusa ci na, kuma ba a wani babban kogi mai hauka ba. Mun hayi jirage a wani wuri, mai wurin ya ba mu rigunan ceto, ni na cusa tawa a bayan kujera saboda zafi. Bai ce mana komai ba game da abin da ke gaba. Ruwa lumui, kamar a faranti. Can sai na ga kamar an ja layi a kan kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, bayan layin kuma ban ga ruwa ba sai kan bishiyoyi. Ashe wani ɗan shingen siminti ne da aka yi don tare ruwan noma, tsayinsa bai kai ƙirjina ba. Na ce wannan ai ba komai. Jirgin na sauka ya kife. Abin da ban sani ba, ruwan da ke zubowa daga irin wannan shinge yana nutsawa ƙasa ya dawo baya, yana juyawa kamar ana tuƙa shi. Ya danna ni ƙasa, in taso in shaƙi iska rabi da kumfa, ya mayar da ni gindin shingen ya sake dannawa. Na iya iyo tun ina yaro, bai amfane ni da komai ba. Wani mai ban-ruwa da ke gefe ne ya miƙo mini doguwar gora, a karo na uku na kama. Takalmina ɗaya da filafilin ba a gan su ba.

Don haka Nafisa, ga abin da zan roƙe ki. Rigar ceto a jiki, a ɗaure, tun kafin ƙafarki ta taɓa jirgi, ke da ƙanenki. Ku tsaya a tafki, ku bar kogin sai wani zuwan, kuma ku yi nesa da bakin madatsa. Ku tambayi masunta inda ba a zuwa, da ɗan gari akan ci gari. Su ne suka san gurbi, su ne suka san inda bishiya ta faɗa ruwa, kuma a ƙasashen da ke da dorina ko kada su ne za su gaya muku. In har wata rana kika faɗa ruwa mai gudu, kada ki yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, ƙafa tana maƙalewa a tsakanin duwatsu ruwa ya kwantar da mutum. Ki kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, har ki kai inda ya lafa.

Jamilu:
Allah ya ƙara tsarewa, Baba. A nan kam ba ni da ja. Zan ƙara da cewa bayan azahar da ta zaɓa shi ne lokaci mafi wuya a tafki. Yawanci da safe ruwa kwance yake, da rana iska ke tasowa. In iskar daga gaɓa take busowa zuwa tsakiya, fita za ta yi sauƙi, dawowa ta gagara. Ku fara tuƙi kuna fuskantar iska, don idan kun gaji ta turo ku gida. Kuma kada ku yi nisa da gaɓa fiye da yadda za ku iya iyo.

Hadari kuma ba a jayayya da shi. In kin ga walƙiya ki ƙirga daƙiƙa har ki ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Amma ni dokata, in dai na ji tsawa ko ta nesa ce, na fito. Kuma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba nake komawa. Haka a kan dutse.

Dakta Maryam:
Ƙari kaɗan daga ɓangarenmu. A yankuna masu zafi, ruwan tafki da ba ya gudu sosai yana iya ɗauke da tsargiya. Ƙwayar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito ta ratsa fatar mutum, ba sai an sha ruwan ba. A rage tsayawa cikin ruwa a gaɓa mai ciyayi, kuma in bayan makonni aka ga zazzaɓi ko jini a fitsari, a gaya wa likita an shiga tafki. Tana da magani. A yankuna masu sanyi kuma matsalar daban ce: ruwan da ya gaza digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba da zarar ya faɗa, ko da rana tana dukan kansa. Nan ma rigar ceto ce ke tsayawa mutum.

Sadik Mai Keke:
Mu dawo tudu. Nafisa, kafin ku tafi ki zauna a tsakar gida ki cire tayar baya da hannunki, ki fitar da tif, ki mayar. Ta baya, domin ita ce mai sarƙa, ita ke ba mutane wuya. A karkara kina iya yin kilomita 20 ba ki ga mai faci ba, ƙaya kuma ba ta tambaya. Ki tafi da tif biyu, da faci da sholisho, da famfo, da sifana daidai da notocin kekenki. Idan kin yi faci ki shafa cikin tayar da yatsa a hankali ki nemo ƙayar, in ba haka ba sabon tif ɗin ma za ta huda. Taya mai faɗi, kamar milimita 38 zuwa 45, kuma kada ki cika mata iska tam, a kan tsakuwa mai ɗan laushi ta fi riƙe ƙasa. Hular kwano dole. Karnukan gona in sun biyo ki kada ki yi tsere da su, ki sauka ki sa keken tsakaninki da su, ki yi ta tafiya a hankali har ki fita daga yankinsu.

Ki kuma bincika ko lardin yana da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke. Ƙasashe da yawa sun yi haka. Sifen ta fara nata shirin a 1993, a jihar Missouri ta Amurka kuma akwai Katy Trail mai kusan kilomita 390. Daɗinsu shi ne jirgin ƙasa ba ya hawa tudu mai tsauri, don haka hanyar a miƙe take, ba mota, kuma gefenta duk bishiyoyi ne da tsuntsaye.

Alhaji Manomi:
Ni ba mai yawon shaƙatawa ba ne, ɗana ne ya sa ni a nan. Noma nake yi, kuma gonata tana kan hanyar wani dutse da baƙi suke son hawa. Ina son ku ji daga bakin wanda ake ratsa gonarsa.

Ba ma ƙin baƙi. Amma bara wasu samari shida suka ga hanya ta zagaya, suka yanke ta tsakiyar shuka da kekunansu, kwana goma da tsirowa. Layin tayarsu har girbi ana ganinsa. Wasu suka buɗe ƙyauren shinge suka bar shi, dabbobin maƙwabcina suka kwana a ciki. Robobin ruwa kuwa ni nake tsince su. Abin da ke gare ku wurin hutu ne, mu shi ne abincin shekara. Ku yi sallama, ku tambayi hanya, ku bi gefen kunya, ƙyauren da kuka samu a rufe ku rufe shi. Wanda ya tsaya ya gaishe ni, ni da kaina nake nuna masa inda fakara take kwana da bishiyar da mujiya take.

Injiniya Bala:
Alhaji ya faɗi gaskiya, Allah ya huci zuciyarka. Kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ya kamata mai tafiya ya sani. A Suwidin kowa yana da haƙƙin ratsa daji da filin da ba nasa ba. Sikotland ta sa irin wannan a doka a 2003. A Ingila sai da aka yi rigima: a 1932 ɗaruruwan masu tafiyar ƙasa suka hau tudun Kinder Scout da gangan ba da izinin masu filin ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu, kuma sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe irin waɗannan tuddai. A wurare da yawa kuwa babu wannan haƙƙi sam, sai da izini. Amma ko a Suwidin da Sikotland ɗin, haƙƙin bai haɗa da taka shuka ko shiga harabar gidan mutum ba.

Nafisa:
Na gode Alhaji, in sha Allah za mu kiyaye. Wata tambayar: ƙanena ya sauke wata manhaja, Merlin, wai tana jin kukan tsuntsu ta faɗi sunansa. Ya ce kuma ana iya kunna kukan don tsuntsun ya fito. Haka ne?

Malam Habu:
Rabin farko na yarda da shi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell da ke Amurka ce ta yi ta, kuma tana taimakon mai koyo, sai dai ƙarfinta ya danganta da yanki. Inda aka tara mata rikodin da yawa ta fi ƙwarewa, wani wurin kuma tana kuskure ko ta yi shiru. Kada ki rubuta tsuntsu don waya ta ce, sai kin gan shi ko kin tabbatar.

Kunna kuka kuwa, ni ba na yi. Kukan da namiji yake yi, iyakar gidansa yake shelantawa. Idan kika kunna irinsa, ɗauka yake wani ƙato ya shigo masa gida. Ya bar kiwo, ya bar kai wa 'ya'ya abinci, ya zo neman faɗa da abokin gabar da ba zai taɓa gani ba. Ke kin tafi, shi yana nan yana ta nema.

Sadik Mai Keke:
Malam, masu bincike ai suna kunnawa.

Malam Habu:
Suna yi, da izini, da ƙa'idar daƙiƙa nawa, kuma don ƙidaya. Wannan daban da a ce duk wanda ya zo bishiya ɗaya ranar hutu ya kunna. Wuraren kare namun daji da yawa sun hana shi ma.

In ƙanenki yana son wayarsa ta yi amfani, ga aikin da ya fi. Cibiyar nan tana da eBird tun 2002, inda kowa ke shigar da abin da ya gani: wuri, lokaci, iri, adadi. Birane da bakin teku sun cika da masu shigarwa, karkarar da ke ciki ita ce babu kowa. Ƙidayar mutane irinmu tana cikin abin da aka haɗa a 2019 aka gano cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, kuma na filayen ciyawa ne suka fi raguwa, fiye da rabi. Wato tsuntsayen gefen gona, waɗanda ba wanda yake tsayawa kallonsu. Ko iri goma kika gane kika rubuta daidai, a wurin da ba a taɓa rubutawa ba, kin ajiye abin da wani zai auna da shi nan da shekara ashirin. Wanda ba ki gane ba ki rubuta kamanninsa a littafi: girmansa in an gwada da kurciya, siffar baki, launin ƙafa, abin da yake yi. Ki kawo mana nan mu duba tare.

Nafisa:
To ga sabon tsari, ku duba mini. Za mu nemi masauki kusa da tafkin, mu daina zancen kilomita 80. Rana ta farko: asuba zuwa hantsi a gefen gona da rafi, a zaune, da madubi da littafi. Da yamma keke kaɗan, kilomita 15, mu ga gari mu tambayi hanyar dutse. Rana ta biyu: dutse, mu tashi da sassafe mu sauko kafin azahar. Rana ta uku: kayak da safe a tafki, riga a ɗaure, kusa da gaɓa, nesa da madatsa da tsibiri.

Baban Ikram:
Ya yi. Ku bar wa mai masaukin bayanin inda za ku da lokacin dawowarku kowace rana, a rubuce, har da lambar wani naku.

Injiniya Bala:
Ranar dutse kowa ya ɗauki ruwa aƙalla lita 2, in da zafi 3. Kada ki sa sabon takalmi, bororo zai hana ki rana ta uku.

Sadik Mai Keke:
Ni dai har yanzu ina ganin an tauye keke. Kilomita 15 ai ɗumama jiki ne. Amma tunda da yamma ne, ki sa fitila gaba da baya, hanyar karkara ba ta da haske kuma masu mota ba sa tsammanin ganin keke.

Jamilu:
Ki mayar da kayak rana ta biyu, dutse ta uku. In iska ta hana ku shiga ruwa ranar, kuna da gobe. In kin bar shi ƙarshe kuma iska ta taso, zuciya za ta ce ku shiga haka nan tunda ba wata dama.

Anti Zulai, wane wata ne balbelun suke gama kiwon 'ya'ya? Ina son in koma tafkin nan, amma ba zan je kusa da tsibirin ba sai sun tashi.

Anti Zulai:
Ya danganta da wurin da kuma ruwan shekarar, don haka kada ka bi kalanda, ka bi idonka. Ka tsaya a gaɓa da madubi. In ka ga manya kwance a sheƙa, ko suna sauka da abinci ana miƙo baki daga ƙasa, da saura. Balbela tana kwanci kamar kwana 23, 'ya'yan kuma su yi wajen wata guda kafin su iya tashi, kuma ba rana ɗaya duk suke farawa ba. Ka ba su wata biyu daga ranar da ka je, sannan ka sake dubawa daga nesa. In kana so mu je tare, ina da madubi na biyu.